Fentin da ranar Gure ta koɗar: wanda ke gyaruwa da wanda ya wuce gyara

Duk wanda ya shafa yatsa a kan murfin injin ɗaya daga cikin tsofaffin fararen Land Cruiser da ke lodin Tesker ko Kelle daga Gure, zai ga wani farin gari ya maƙale masa a hannu. Yawancin mutane ƙura suke ɗaukarsa. To a wanke motar tas, a bari ta bushe, a sake shafawa, garin yana nan. Fentin ne da kansa yake mutuwa daga sama, yana komawa gari.

Fenti haɗin abu biyu ne, garin launi da wani danƙo da ke riƙe shi yana ba shi sheƙi. A cikin hasken rana akwai wani ɓangare da ido ba ya gani, shi ne ke tsinka wannan danƙon sannu a hankali, iska kuma ta ƙarasa aikin. Zafi yana ƙara wa abin sauri, kuma a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40, mutum ba ya iya ɗora tafin hannu a kan rufin motar da ta wuni a rana. Shi ya sa rufi da murfin inji ke fara dushewa, ƙofofi kuwa da sauran kyansu. Jar mota ta fi saurin nunawa, sai ka ga ta koma ruwan hoda.

Amma ni a ganina ana ɗora wa rana laifin da ba nata kaɗai ba ne. Da hunturu, iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, ta haɗa da rairayin tuddan Manga, ta shimfiɗa wa kowace mota. Da sassafe yaron mota zai ɗauko busasshen tsumma ya hau gogewa, ubangidansa na yaba masa tsafta. Ƙwayar rairayi ta fi fenti tauri nesa ba kusa ba. Kowace shafa tana barin ƙananan ƙarce da ba a gani ɗaya-ɗaya, sai an karkata kai a cikin rana a hango su zagaye-zagaye. Daga nan sai wanki da garin sabulun tufafi, wanda ke kwashe duk wani maiƙon kariya da ke jiki. Idan kuma ruwan na rijiyar kwari ne mai kanwa, irin na wajen Gidigir, aka bar shi ya bushe a kan ƙarfe mai zafi, sai ya bar fararen tabo da ke cin fentin.

Kafin a kashe ko dala, a fara sanin irin fentin da ke jikin motar, don iri biyu ne. Tsofaffin motoci, irin Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, da fararen motocin aiki da yawa, launinsu da sheƙinsu a haɗe suke. Daga shekarun 1980 kamfanoni suka koma fesa launi tukuna, sannan su rufe shi da wani shafin ƙyalli marar launi. Gwajin ba wuya. A wanke wani lungu, a ɗiga ɗan man goge fenti a farin ƙyalle idan motar mai launi ce, ko baƙin ƙyalle idan fara ce, a murza. In launin ya fito a ƙyallen, irin na farko ne, kuma mai wannan mota ya yi sa'a, don a ƙarƙashin mataccen akwai mai rai. In bai fito ba, akwai shafin ƙyalli, sai a dube shi da kyau. Idan dushewa kawai ya yi, zai dawo. Idan kuwa ya fara yin fari-fari yana saɓulewa, har farce na iya ɗaga bakinsa, to magana ta ƙare, babu man da zai mayar da shi. Sai mai fenti, ko nan cikin gari ko a Damagaram, tafiyar kusan kilomita 160 a kan babbar hanya.

Abin da ya kamata mai mota ya riƙe shi ne, gogewa ba ƙari take yi wa fenti ba, ragi take yi. Man gogewa ƙasa-ƙasa ne mai laushin gaske a cikin maiƙo, aikinsa ya kankare mataccen sama har a iso mai sheƙi. Gaba ɗaya fentin da kamfani ke sa wa mota, tun daga shafin farko na hana tsatsa, bai wuce kaurin takardar littafi da yawa ba, shafin ƙyallin kuwa bai kai rabin haka ba. Abin da aka kankare ya tafi ke nan.

Saboda haka ana farawa ne da mafi laushi. Aikin inuwa ne, da safe ko bayan la'asar, ƙarfe a sanyaye, kuma ranar da iska ta kwanta. A watsa ruwa ya tafi da rairayi kafin hannu ya taɓa jikin motar. Bokiti biyu, ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraye soso, don kada yashin da aka kwaso ya koma. Bayan ta bushe a zaɓi wuri ɗan taƙi biyu, a murza man da lallausan ƙyallen auduga, a share, a ja baya a duba. Ƙyallen zai cika da mataccen fenti nan da nan, sai a juya shi ko a canza. A gefuna da kan layukan da ƙarfe ya lanƙwasa a sassauta hannu, nan fenti ya fi siriri. Da zarar an hango wani launi daban, toka-toka, yana leƙowa, an kai shafin ƙasa, a tsaya. Samfefa mai lamba 2000 da ruwa tana da amfaninta, haka ma injin gogewa, amma a hannun wanda ya saba. A hannun ɗan koyo injin nan yana ƙona fenti kafin ka ce kwabo.

Akwai wata dabara da dillalai suka sani, ta shafa wa mota gas ko baƙin mai ranar da za a nuna wa mai saye. Tana sheƙi kuwa, na kwana biyu. Maiƙon ya jiƙa mataccen fentin ne kawai, sannan ya kama ƙura ya riƙe, ya kuma lalata robar gilashi. Masu shafa man birki su ne suka yi gyaran gangar Auzinawa, don man birki narkar da fenti yake yi. Mai sayen tsohuwar mota mai ƙyalli ya shafa hannu ya sansana, in ya ga dama ya ce a wanke ta da sabulu a gabansa.

Fentin da aka goge tsirara yake, idan aka bar shi haka zai dushe da sauri fiye da yadda ya yi a baya. Dole a rufe shi da kakin mota. Mai kyansa ana yinsa da kakin ganyen wata bishiya ta ƙasar Brazil mai suna karnauba, akwai kuma na haɗin kamfani da ya fi jure zafi. Shafa kaɗan, a bari ya yi hazo, a share. A yanayi irin na Gure ba ya daɗewa, alamarsa ita ce ruwa: muddin yana dunƙulewa ƙwaya-ƙwaya a kan murfin inji, kakin na nan, in ya koma shimfiɗewa a sake. Wannan ana maimaita shi yadda aka ga dama, tunda ba ya cin komai.

Sauran aikin na wurin ajiya ne. Rumfar zana ko ta kara ta fi gindin bishiya, domin kashin tsuntsu da ƙaron da ke ɗiga daga itace suna huda fenti idan rana ta gasa su. Tamfol ma a yi hattara da shi: in aka lulluɓa shi a kan mota mai ƙura iska na kaɗa shi dare guda, aikin busasshen tsumman nan yake yi. Yaron mota kuma a ba shi bokiti, a gaya masa ranar da babu ruwa ya bar ƙurar inda take.