Tauraron da ke dushewa duk bayan kwana uku: yadda za ka bi diddiginsa da wayarka

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, idan dare ya yi a Anka, Gummi ko Bukkuyum, nemi Kaza da 'Ya'yanta, sannan ka karkata ido arewa. Akwai wani tauraro a nan mai suna Algol, sunan da ya samo asali daga Larabci, ra'as al-gul. Duk bayan kwana 2 da awa 20 da minti 49 haskensa na raguwa zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku, ya kuma dawo daidai, duka cikin kimanin awa 10. Dalili shi ne taurari biyu ne ke zagaya juna, mai ƙarancin hasken yana gittawa gaban mai yawan hasken. Manhajar Stellarium za ta nuna maka inda yake ko babu data.

Irin waɗannan taurari masu sauya haske suna da ɗimbin yawa. Na'urar Gaia ta hukumar sararin samaniya ta Turai, a bayanan da aka fitar a Yunin 2022, ta tantance sama da miliyan 10. Shirin ASAS-SN na Jami'ar Jihar Ohio a Amurka kuwa yana ɗaukar hoton sama dare bayan dare. A shafinsa na Sky Patrol, kana saka lambobin matsayin tauraro zai zana maka jadawalin hawa da saukar haskensa na shekaru, kyauta. Siffar jadawalin ce ke tona asiri: gangarawa kwatsam da dawowa alama ce ta husufi irin na Algol, hawa da sauka a hankali kuwa galibi tauraro ne da ke kumbura yana motsewa.

Sai dai manyan na'urorin nan na da rauni guda: tauraro mai tsananin haske kamar Algol yakan cika musu kyamara, awon ya ɓaci. Shi ya sa ƙungiyar AAVSO, wadda aka kafa a 1911, har yau take karɓar awon da mutane suka yi da ido. Duhun garuruwanmu, wanda muke kuka da shi idan an ɗauke wuta, a nan ya fi hasken Legas amfani.

Tsakar gida ta isa, kada ka fita bayan gari da dare a halin tsaron da ake ciki. Ka kuma zaɓi daren da hazo ya lafa, domin ƙura kan sa tauraro ya yi kamar ya dushe.