YADDA AKE AUNA ƊAN ƘWALLO: DARASI DAGA SHEKARAR AHMED MUSA A KANO PILLARS

A kowace shekara, da zarar an gama gasar ƙwallon ƙafa ta gidaje a makaranta, ko gasar hutu da samari kan shirya a Birnin Kudu da Gwaram, sai gardama ta tashi. Wasu su ce wane ya isa ya buga wa babban kulob, wasu su ce ai ko benci ba zai samu ba. Gardamar ba ta tsaya a bakin fili kawai ba, har gida takan kai. Akwai ɗalibin da kan fara tunanin ajiye littafi saboda an yaba masa, akwai kuma uban da za a zo a ce ya sayar da gona ko sa don a kai ɗansa gwaji ƙasar waje. Saboda haka ya kamata mu ɗalibai da iyayenmu mu san yadda masana kan auna ɗan wasa kafin su ce zai ci abinci da ƙafarsa. Zan ɗauki misalin mutumin da kowa ya sani, watau Ahmed Musa, da shekarar da ya yi suna a Kano Pillars.

An haifi Ahmed Musa a Jos ran 14 ga Oktoba, 1992. Ya fara koyon wasa a makarantar horar da 'yan ƙwallo ta GBS da ke can Jos, daga nan aka ba da shi aro ga kulob ɗin JUTH, inda ya ci ƙwallo 4 kacal. Sai aka sake ba da shi aro ga Kano Pillars a kakar wasa ta 2009 zuwa 2010. A wannan kaka ce ya jefa ƙwallo 18 a raga, ya fi kowa a gasar ƙasa baki ɗaya, Pillars kuma ta zo ta biyu a bayan Enyimba ta Aba. Kafin wannan lokaci, mafi yawan abin da mutum ɗaya ya taɓa ci a kaka guda shi ne 17, wanda Ishaya Jatau ya ci a 1990. Ke nan an yi shekara 20 ba a sami wanda ya wuce Jatau ba sai da wannan yaro ya zo.

To, abu na farko da ake dubawa shi ne yawan ƙwallayen da ɗan gaba ya ci. Amma adadi shi kaɗai ba ya magana sai an gwada shi da wani abu. Ƙwallo 18 a gasar ƙasa ba ɗaya ba ne da ƙwallo 18 a gasar unguwa. A babbar gasar Nijeriya akwai kulob 20, kowa yakan kara da kowa sau biyu, gida da waje. 'Yan bayan da ake haɗuwa da su manya ne majiya ƙarfi, ga doguwar tafiya a mota daga Kano zuwa Aba ko Fatakwal, ga kuma 'yan kallon da ba sa ƙaunar baƙo ya ci. Don haka mai auna ɗan wasa yakan tambaya: da wa aka kara? A gida aka ci ko a waje? Nawa ne daga ciki na fenariti? An ci su ne lokacin da ake neman nasara ido rufe, ko bayan an riga an gama da abokan karawa? Haka ya kamata mu ma mu riƙa tambaya game da gwanayenmu na makaranta. Wanda ya ci biyar ranar da aka kara da gidan da ba shi da gola na kirki, sa'an nan aka neme shi aka rasa ranar wasan ƙarshe, bai kai wanda ya ci ɗai-ɗai a wasa biyar masu zafi ba.

Abu na biyu shi ne shekaru, kuma a ganina shi ne ya fi nauyi. Ga hujja. Ba a daɗe ba aka wuce adadin Ahmed Musa. A 2011 Jude Aneke na Kaduna United ya ci 20, a 2014 kuma Mfon Udoh na Enyimba ya ci 23. Dukansu biyu sun fi shi yawan ƙwallo a kaka guda, amma babu wanda ya kai ga manyan kulob na Turai kamar yadda shi ya kai. Ɗaya daga cikin dalilai shi ne su sun haura shekara 20 lokacin da suka yi bajintarsu, shi kuwa yana da 17. Masu sayen 'yan wasa ba abin da yaro ya yi jiya suke biya ba, abin da suke zaton zai iya yi nan da shekara biyar suke biya. Icen da yake ɗanye shi ake iya tanƙwarawa. Wannan ne ma ya sa wasu kan rage shekarunsu, abin da ya daɗe yana zubar da mutuncin ƙwallon Afirka. Tun daga 2009 hukumar FIFA ta fara amfani da na'urar ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu a gasar 'yan ƙasa da shekara 17, domin ƙashin yakan nuna ko mutum ya gama girma. Wanda ya ce wa uba a canza wa yaro takardar haihuwa, to, ramin da yaron zai faɗa yake haƙawa.

Abu na uku shi ne wata baiwa ta musamman wadda ba ta sauyawa ko an sauya ƙasa. Ta Ahmed Musa ita ce gudu. Mai gudu a Kano mai gudu ne a ko'ina. Yaron da yake cin ƙwallo don kawai ya fi 'yan ajinsa girman jiki, ranar da ya haɗu da waɗanda suka yi daidai da shi sai a ga babu komai. Amma gudu, da iya buga ƙwallo da ƙafa biyu, da saurin gane inda za a tsaya kafin ƙwallo ta iso, waɗannan suna bin mutum duk inda ya je.

Abu na huɗu shi ne ɗorewa. Hausawa sun ce ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. A 2010 kulob ɗin VVV-Venlo na ƙasar Holan ya ɗauki Ahmed Musa, amma bai sami damar buga musu wasa ba sai da ya cika 18 a watan Oktoba, gama dokar FIFA ta hana a kai yaro kulob na wata ƙasa kafin wannan shekara, in ban da wasu 'yan dalilai ƙalilan. A Holan ƙwallo 8 kawai ya ci a wasa 37 na gasar ƙasar. Duk da haka an ga yana ƙaruwa, har CSKA Moscow ta Rasha ta saye shi a farkon 2012. A can ya ci kofin gasar Rasha sau uku, a 2013 da 2014 da 2016. Yana cikin 'yan wasan Nijeriya da suka ɗauko kofin Afirka a 2013. A gasar cin kofin duniya ta 2014 ya ci Ajantina biyu, a ta 2018 ya ci Aislan biyu. Sai a nan ne za a iya cewa shekarar nan ta Kano ba sa'a ba ce kawai.

Akwai waɗanda suka fara da ƙarfi amma abin bai ɗore haka ba. Macauley Chrisantus ya fi kowa cin ƙwallo, guda 7, lokacin da Nijeriya ta ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 a 2007. Hamburg ta Jamus ta ɗauke shi, amma bai sami gurbi a babbar tawagarta ba, sai aro aka riƙa ba da shi. Akwai kuma akasin haka. Victor Osimhen ya ci 10 a irin wannan gasa a 2015, ya tafi Wolfsburg ta Jamus, ya kasa cin ko ɗaya, mutane suka fara cewa ya ƙare. Da aka ba da shi aro ga Charleroi ta Beljiyam sai ƙafarsa ta buɗe, har ya zama gwarzon ɗan wasan Afirka na 2023. Ashe kaka ɗaya, mai kyau ko maras kyau, ba ta isa a yanke hukunci ba.

Abu na biyar shi ne dacewa da kulob da kuma mai horarwa. A 2016 Leicester City, wadda ta ɗauki kofin Ingila a wannan shekara, ta sayi Ahmed Musa a kan fam miliyan 16 da 'yan kai. Kafin a fara gasa ya ci Barcelona biyu a wasan sada zumunci, kowa ya ce an sami mutum. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. A gasar Ingila ƙwallo 2 kawai ya ci a wasa 21. Ya tarar da Jamie Vardy, wanda shi ma da gudu yake taƙama, ya riga ya kama wurin. An kuma sallami mai horarwar da ya kawo shi, Claudio Ranieri, a watan Fabrairu na 2017. A 2018 sai da aka mayar da shi Rasha aro, daga nan ya wuce Al-Nassr ta Saudiyya. Mutum ɗaya ne, ƙafa ɗaya, amma a wani wuri ya haskaka, a wani wuri ya sha zaman benci.

Har ila yau, ba kowane gwani ne ake aunawa da yawan ƙwallo ba. Ɗan tsakiya mai raba ƙwallo, wanda muke kira lamba goma, aikinsa ya ga hanya inda wasu ba su gani ba. Shi ana duba sau nawa ya miƙa ƙwallo ta isa, sau nawa aka ƙwace a ƙafarsa, da yadda yake kwantar da hankalin 'yan uwansa in an sha su. Rabi'u Ali, wanda Kanawa ke kira Pele, irin wannan ne. Da shi Pillars ta ɗauki kofin ƙasa sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014, ya kuma ci gaba da buga wasa har bayan ya haura shekara 40. Ya yi sunansa a gida ne, ba a Turai ba, kuma ya ci abinci da sana'arsa cikin mutunci. Wannan ma nasara ce, ko da yake samari ba su cika lissafa ta ba.

Mu leƙa Amurka mu ga yadda su ke yi. Suna da wata irin ƙwallo mai siffar gwanda wadda aka fi riƙewa da hannu, a ciki kuwa akwai ɗan wasa ɗaya da ke jefa ƙwallo yana ba sauran umurni, kamar dai lamba goma a wurinmu. Yawancin masu shiga babbar gasarsu daga jami'a suke fitowa, kuma doka ta ce sai mutum ya yi shekara uku da barin sakandare kafin a ɗauke shi. Kowace shekara kulob 32 kan zauna su zaɓi sababbin 'yan wasa bi da bi har zagaye bakwai, watau mutum 250 da ɗoriya daga cikin dubbai. Suna auna gudu da tsawo da ƙarfin hannu, suna kallon hotunan duk wasannin da mutum ya buga. Duk da haka sukan yi kuskure. A 2007 JaMarcus Russell aka fara zaɓa, bayan shekara uku aka sallame shi. A 2000 kuwa sai da aka zaɓi mutum 198 kafin a waiwayi Tom Brady, wanda daga baya ya ɗauki babban kofinsu sau bakwai. In masu kuɗi da na'urori za su ɓata lissafi haka, ina ga mai tsayawa a bakin fili yana cewa lalle wane sai Turai?

Abin da ya fi burge ni a tsarinsu shi ne hanyar wasa ta cikin makaranta ta bi. Wanda ba a zaɓa ba yana da ilmin da zai koma wa. Mu ma a da an yi haka. Segun Odegbami, wanda ya ci biyu ranar da Nijeriya ta doke Aljeriya da ci 3 da nema ta ɗauki kofin Afirka a 1980, injiniya ne da ya yi karatu a Ibadan. Abokin wasansa Adokiye Amiesimaka lauya ne, har ya riƙe muƙamin kwamishinan shari'a a Jihar Ribas. Ƙwallo ba ta hana su karatu ba.

Saboda haka ga shawarata ga 'yan uwana masu ƙafa. Hanyar a bayyane take: daga makaranta ko unguwa zuwa gasar ƙaramar hukuma, zuwa ta jiha, zuwa ƙananan rukunoni na ƙasa, inda kulob irin su Jigawa Golden Stars kan nemi matasa, sa'an nan babbar gasa. Ahmed Musa ma sai da ya bi ta Jos da Kano kafin ya ga jirgi. A kowane mataki ana tankaɗe, kaɗan ne ke wucewa, kuma targaɗe ɗaya a gwiwa na iya tsayar da mutum yana ɗan shekara 20. Ko wanda ya yi sa'a, da wuya ya wuce shekara 15 yana wasa, bayan nan akwai sauran rayuwa mai tsawo. Wanda ya iya karatu shi zai karanta kwantiraginsa da kansa, ya san abin da ya sa wa hannu.

Ga iyayenmu kuma, ina roƙo da ladabi, kada a hana yaro wasa in yana da baiwa, gama yana ƙara lafiya yana koya haɗin kai. Amma in wani ya zo da maganar gwaji a ƙasar waje, a tambaye shi sunan kulob ɗin, a nemi takardar gayyata, a kai wa malamin wasanni ko hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha su duba. A tuna da dokar shekara 18. A kuma sani cewa kulob na gaskiya shi ke biyan kuɗi don ya sami ɗan wasa, ba a sayar da gona don a biya shi. Yaro ya gama aji shida ya karɓi takardarsa tukuna. In ƙafar ta gaskiya ce, shekara ɗaya ko biyu ba za su rage ta ba.