Ko Kun Sani? Lafiyar Hanta Tana Farawa Daga Hanji

Jinin da ya fito daga hanji yakan bi ta hanta kafin ya zagaya sauran jiki, don haka duk gubar da ta ratsa bangon hanji, hanta ce ke fara karɓarta. A 2014, masana a Jami'ar Hohenheim da ke Jamus sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi, inda suka shayar da ɓeraye ruwa mai kashi 30 cikin 100 na sukarin furuktos har mako 8. Waɗanda aka haɗa musu da ƙwayar halitta mai amfani, Lactobacillus rhamnosus GG, ba su tara kitse sosai a hanta ba. Bangon hanjinsu ya ƙara ƙarfi, gubar da ke isa hanta kuma ta ragu.

Wani zai ce ai ɓera ba mutum ba ne. Gaskiya ne, shi ya sa ba za a ɗauki sakamakon a matsayin magani ba. Amma hanyar jinin nan iri ɗaya ce a jikinmu, saboda haka darasin ya shafe mu. Kofin kindirmo, ko da yana ɗauke da ƙwayoyin halitta masu amfani, ba zai goge illar yawan shan lemun kwalba ba. Rage zaƙi, rage ƙiba da motsa jiki su ne matakin farko da likitoci ke ba mai kitsen hanta.