Bayan Cire Sankarar Baki: Yadda Ake Maido da Muƙamuƙi da Haƙora

Sau da yawa mukan ɗauka cewa da zarar an cire sankara daga bakin majinyaci, jinya ta ƙare. Alhali kuwa aiki bai wuce rabi ba. Domin a ceci rai, likita kan yanke wani sashe na muƙamuƙi ko na rufin baki, har da haƙoran wurin. Sai mutum ya tashi ba ya iya tauna tuwo, furucinsa ya gurɓace, ya riƙa jin nauyin shiga jama'a.

Ƙona ragowar cutar da hasken na'ura ma yana barin nasa tabon. Yakan kashe mafitar yawu, baki ya bushe, haƙora su ruɓe. Yakan ɗaure naman muƙamuƙi har buɗe baki ya gagara, ya kuma rage jinin da ke ratsa ƙashi. Shi ya sa ake cire ruɓaɓɓun haƙora kafin a fara, domin cirewa daga baya na iya haifar da gyambon ƙashi mai wuyar warkewa.

Gyara yana tafiya ne hawa-hawa. A shekarar 1989 likita David Hidalgo na Amurka ya bayyana hanyar gina muƙamuƙi da siririn ƙashin ƙwauri. Ana ɗauko shi tare da jijiyoyin jininsa, a sassaƙa shi daidai da surar haɓa, a ɗinke jijiyoyin da na wuya ƙarƙashin madubin likita. Majinyaci zai ci gaba da tafiya, tunda babban ƙashin ne ke ɗauke da yawancin nauyin jiki. Daga nan a dasa ƙusoshin ƙarfen taitaniyom, dabarar da Brånemark ya fara gwadawa a kan mutum a Suwidin a 1965. Sukan ɗauki wata 3 zuwa 6 kafin su kama ƙashi, sannan a ɗora haƙora. Wanda rufin bakinsa ya huje kuma, ana ƙera masa marfin roba mai hana abinci fita ta hanci. Motsa muƙamuƙi kullum da koyon haɗiya da furuci su ne cikamaki.

Saboda haka muke roƙon masu bayarwa da kwamitocin masallatai: idan majinyaci irin wannan ya zo gabanku, ku lissafa kuɗin gyara tun ranar da kuke lissafa na tiyata. Wanda aka bari a tsakiyar hanya, yunwa da kaɗaici ne ke jiransa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.