Karayar Ƙashin Gaban Kafaɗa: Yadda Hannu Ke Komawa Aiki Ba Tare da Tiyata Ba

Siririn ƙashin nan da ya taso daga saman ƙirji ya nufi kafaɗa, wanda ake iya shafawa a ƙasan wuya, yana cikin ƙasusuwan da suka fi yawan karyewa. Galibi faɗuwa a kan kafaɗa ce sanadi: ɗan acaɓa ya zame a kwalta, yaro ya faɗo daga bishiyar mangwaro, ko a kayar da ɗan ƙwallo. Kusan kashi 80 cikin 100 na wannan karaya a tsakiyar ƙashin take aukuwa.

Idan gaɓoɓi biyu na ƙashin da ya karye ba su goce wa juna ba, maganin mai sauƙi ne. A rataye hannun da ƙyalle a wuya na 'yan makonni, a sha maganin rage zafi. Na yaro kan haɗe cikin mako 3 zuwa 6, na babba kuwa mako 6 zuwa 12. Ƙullutun da kan fito a wurin sabon ƙashi ne, ba ciwo ba. A jikin yara yakan baje da girma, a jikin manya yakan zauna, amma bai hana komai ba.

Matsalar tana ga karayar da ta goce, ɗaya gaɓar ta hau kan ɗaya har kafaɗar ta gajarce. A 1960 likitan ƙashi Charles Neer na Amurka ya ruwaito cewa cikin mutum sama da 2,000 da ba a yi wa aiki ba, 'yan ƙalilan ne ƙashinsu ya ƙi haɗuwa, sai aka daɗe ana ganin kowace karaya a nan za ta warke da kanta. Ashe lissafin ya haɗa da yara, waɗanda ƙashinsu ba ya gardama. Binciken da aka wallafa a 1997 kan manya masu karayar da ta goce ya gano kusan kashi 15 cikin 100 ba su haɗe ba, musamman idan gajarcewar ta kai santimita 2. Wani na Kanada a 2006 ya nuna abin da ya fi shafar mai aikin ƙarfi: hannun na ɗagawa yadda ya kamata, amma yana saurin gajiya. Birkilan da ke yaɓen silin ko mai dako da ke ɗora buhu a ka shi ne zai fara lura da hakan, ba ma'aikacin ofis ba.

Duk da haka, tiyata ba ta zama dole ga kowa ba. Wani binciken Sikotilan na 2013 ya nuna cewa waɗanda ƙashinsu ya haɗe da kansa, aikin kafaɗarsu bayan shekara bai bambanta da na waɗanda aka yi wa tiyata aka sa wa ƙarfe ba, kuma ƙarfen kan dami wasu har a sake aiki a cire shi.

Shi ya sa hoton ƙashi ya kamata ya riga ɗori. Wannan ƙashin ba ya karɓar karan ɗori kamar na ƙafa, kuma ja da murɗa na iya taɓa jijiyoyin da ke ƙarƙashinsa, ko ma huhu. Idan ƙashin ya tokare fata, ko hannu ya mutu, ko numfashi na sarƙewa, asibiti ake nufa nan take. Shan taba na jinkirta haɗuwa. Barin hannu a rataye fiye da kima kuma yana sandarar da kafaɗa, don haka ake fara motsa gwiwar hannu da yatsu tun farko, sannan gashin ƙashi ya biyo baya. Ciwon da bai lafa ba bayan wata 3 yana buƙatar sabon hoto.