Yaƙin Bama da Ramukan Kuzar Jos

Wannan shirinmu ne na musamman daga nan Tudun Wada a birnin Jos. Yau za mu koma Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila, mu ga yadda ya biyo mu har gida.

Ranar 15 ga Fabrairun 1942 Japan ta ƙwace Singafo daga hannun Ingila, bayan ta gama da Malaya. To, a Malaya Turawan Ingila ke samun mafi yawan kuzarsu, kuma yaƙi ba ya yiwuwa sai da kuza. Da ita ake shafe gwangwanin abincin soja, da ita ake liƙa wayoyin rediyo da na jirage. Nan take ido ya dawo kan Jos da Bukuru da Barikin Ladi.

Gwamna Bourdillon ya amince a ɗebo mutane da ƙarfi, abin da talakawa suka raɗa wa suna diban gwamna. Umarni ya fito daga wurin Razdan zuwa En'e, hakimi ya matsa wa dagaci, dagaci ya shiga gida-gida yana cike adadin da aka yanka masa. Tsakanin 1942 da 1944 an kawo maza wajen dubu 100 daga lardunan Arewa. Ku duba manomin da aka raba da gonarsa a ƙasar Katsina ko Sakkwato, ya iso tsaunin nan da 'yar taguwa ɗaya, ga hunturun Jos da ku da kanku kun san shi. Tun asuba yana cikin rami, ruwan sanyi har gwiwa, kwanon ƙasa a ka, hatsi kuma ya yi tsada. Ɗaruruwa sun mutu, wasu da yawa sun gudu cikin dare. Abin takaicin, ƙarin kuzar da aka samu bai taka kara ya karya ba, aka soke tsarin a 1944.

A daidai lokacin 'yan uwansu na can dajin Bama, wato Myanmar ta yau. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, ƙarƙashin Manjo Janar Woolner, ta kutsa kwarin kogin Kaladan a farkon 1944, inda mota ba ta shiga. Kayan faɗa a ka ake ɗaukarsu, abinci kuwa daga jirgin sama ake jefo shi da lema. Wata birged ta 'yan Najeriya ta bi dakarun Chindit na Janar Wingate, masu faɗa a bayan layin Japanawa. Shi Wingate bai ga ƙarshen aikin ba, ya mutu a haɗarin jirgi cikin Maris 1944. Sai a Janairun 1945 runduna ta 81 da 'yar uwarta ta 82 suka haɗu suka karɓe garin Myohaung.

Soja dai ba su manta da nasu ba. Barikin Dodan da na Myohaung a Legas, Letmauk a Ibadan, Dalet a Kaduna, Chindit a Zariya, duk sunaye ne da aka taho da su daga wancan yaƙi. Leburan kuza fa? Ba bariki, ba lambar girma, ba fansho. A ganina wannan rashin adalci ne, domin yaƙi ɗaya suka yi wa Sarkin Ingila, kuma su ko tambayarsu ba a yi ba.

Jama'ar Tudun Wada da kewaye, duk wanda kakansa ya je Bama ko diban gwamna ya rutsa da shi, in akwai lamba ko hoto ko labarin da kuka ji daga bakinsa, ku kawo mana mu sa a shirin mako mai zuwa.