Kazar da ta iya kwanci, ita ce jarin

Idan salla ta ƙarato, ko ranar zubi ta zo hannu babu komai, wace kaza muke fara kamawa? Babbar mana, mai nauyi, wadda za a taya da daraja. Sau da yawa kuwa ita ce uwar garken, wadda ta iya kwanci ta iya reno. A sayar da ita yau, bayan wata biyu a rasa mai hawa kan ƙwai.

Daga Magariya zuwa Bande, Waca da Dungas, da wuya a shiga gida a rasa kajin Hausa: ga durgu mai gajerun ƙafafu, ga fingi mai gashi a hargitse, ga mai wuya tsirara wadda zafin bazara bai cika damunta ba. Ana raina su don ƙwansu kaɗan ne, 10 zuwa 15 kafin kaza ta kwanta, sau uku ko huɗu a shekara. To amma su ne ke kiwon kansu da gara da ɗan tsaki, su ne kuma ke kwanci. Kajin gidan gona an zaɓe su ne don zuba ƙwai, mafi yawansu ba su zama a kansa. Wata a ƙungiyarmu ta kawo jan zakaran gidan gona, ta yanka nata na gida. Ƴaƴan sun yi girma, ba musu. Da suka fara ƙwai, guda ɗaya tak ta yarda ta kwanta, sai da aka yi aron kazar maƙwabciya. Injin ƙyanƙyasa kuwa, ko an samu kuɗinsa, wuta yake so dare da rana har kwana 21.

Kwanci ma da dabararsa. Ƙwan da za a sa kada ya wuce mako guda, in an matsa kwana 10. Ba a wanke shi, ba a sa mai tsaga ko mai kashi a jiki. A yi wa kowanne alama da gawayi, domin wata kazar kan kutsa ta ƙara sabo, shi kuma ba zai ƙyanƙyashe tare da saura ba. Kada kwaɗayi ya sa mu jibga mata 18. Abin da fukafukanta suka rufe shi ne nata, 10 ko 12, ƙaramar kaza 8. Gurbin ya zama a inuwa, da yashi a ƙasa, da ɗan toka da busasshen ganyen dogon yaro saboda ƙuma, don ƙuma kan tayar da kaza daga kwanci. Ruwa da abinci kusa da ita. Bayan kwana 7 zuwa 10, da dare, a haska kowane ƙwai da cocila: mai rai za a ga jijiyoyi ja kamar saiwa, wanda ya fito fayau babu komai a cire shi tun bai zama baragurbi ba.

Da damina, lokacin ƙwan zabi, ita dai wannan kazar muke bai wa. Sai dai na zabo kwana 26 zuwa 28 yake yi. Mai son haɗawa ta fara sa na zabon, bayan mako ta ƙara na kazar.

Asarar da ta fi ciwo bayan ƙyanƙyasa take zuwa, daga shirwa, sanyi da cuta. Makonnin farko ƴan tsaki su yini a akurki ko ƙarƙashin kwando. Annobar da ke share kaji da hunturu, wadda likitocin dabbobi ke kira Nuwkasil, ba ta da magani, sai rigakafi, kuma kafin sanyi ya shigo ake yi. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, saboda haka ya fi sauƙi ƙungiya ta tara kajinta rana guda ta kira ma'aikacin kiwo. Manyanmu ba su manta 2006 ba, shekarar da aka fara tabbatar da murar tsuntsaye a Nijar, a nan Magariya, aka kashe kaji da agwagi. Kazar da aka sayo a kasuwa, ta gida ce ko ta Maigatari, a ware ta mako biyu kafin ta shiga cikin namu.

Sai batun asusu. Tun da aka fara Mata Masu Dubara a Maradi a 1991, bashinmu na ɗan gajeren lokaci ne, alhali ɗan tsako sai ya yi wata biyar ko shida kafin ya kai sayarwa. Wadda ta ci bashi tana jiran ƴan tsaki su biya, uwar za ta sayar. Mu dai shawararmu, a biya da kuɗin ƙuli-ƙuli ko na mai, a sayar da zakarun da suka yi yawa da tsofaffin da suka daina ƙwai. Zakara ɗaya ya ishi kaji goma. Ranar rabon asusu kuma, tunda duk muna wuri ɗaya, kowa ta zo da zakaranta a yi musaya, kada ya riƙa hawan ƴaƴansa.